Shataletale ko Danja: Wanne Ya Fi Tsare Rai a Mahaɗar Titi?

Maganar da na zo da ita yau ita ce, a mahaɗar titunan cikin gari, ƙaramin shataletalen da aka tsara da kyau ya fi danja tsare rayukan mutane, kuma dalilin yana cikin siffar titin kansa. Injiniyoyin hanya sun ƙidaya wuraren da mota za ta iya cin karo da wata: a mahaɗa mai hannu huɗu guda 32 ne, a shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 kacal. Waɗanda suka ɓace ɗin su ne mafiya muni, wato taho-mu-gama da sukar mota a haƙarƙari, inda ƙofa ce kaɗai tsakanin fasinja da ƙarfen da ya taho a guje. Danja umarni take bayarwa. Direba ya ga dama ya bi, ya ga dama ya ƙara wuta don ya riga jar fitila, in kuma lantarki ya ɗauke, umarnin ma ya tafi. Shi kuwa shataletale kwana ce da dole a sha ta, ko mai taurin kai sai ya taka birki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karon ninki huɗu yake yi.

Ƙididdiga ta goyi bayan haka. A 2001 an wallafa wani bincike a Amurka kan mahaɗu fiye da 20 da aka mayar shataletale, aka tarar haɗurran da ke jikkata mutane sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, masu kisa ko nakasawa kuma da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai a kula, ba kowane zagaye ake nufi ba. Manyan da'irori irin na farkon ƙarni na 20, kamar wadda ta kewaye Arc de Triomphe a Paris, faɗinsu yana barin mota ta shiga da gudunta. Shataletalen zamani ya samo asali ne daga Birtaniya a 1966, lokacin da aka kafa dokar cewa mai shigowa shi ne zai ba wanda ke ciki hanya. A Najeriya, da muke tuƙi a hannun dama tun 1972, ma'anarta mai shigowa ya dubi hagunsa ya jira.

Na san abin da za a ce: direbanmu ba ya jira, ɗan adaidaita sahu kuma ko kafar allura ya gani sai ya cusa kai. Gaskiya ne, amma danja ce wannan hujja ta fi kayarwa. Wanda ya saɓa doka a shataletale yana saɓa ta ne a hankali, abin ya ƙare a gogar jiki da cacar baki. Wanda ya keta jar fitila yana yi ne da cikakken gudu, sau da yawa sai an dangana da asibiti ko maƙabarta. Za a kuma ce ai Kano ta maye gurbin shataletalen Dangi da na Hotoro da gadojin sama da na ƙasa. Na yarda, akwai yawan motocin da shataletale ba zai iya haɗiyewa ba. To amma can maganar cunkoso ake, kuma mahaɗun unguwanni da na bakin makarantu, waɗanda su ne mafi yawa, ba za su taɓa samun gada ba.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta masu rauni a titi. Wani bincike a yankin Flanders na Beljiyam ya nuna haɗarin masu keke ya ƙaru bayan gina shataletale, musamman inda aka shata musu layi a gefen da'irar. Makaho ma yana shan wahala, tunda ƙarar motoci ba ta yankewa balle ya ji lokacin tsallakawa. A garuruwanmu, da babur da mai ƙafa suka yi wa titi yawa, ba za a kau da kai daga wannan ba. Maganinsa na hannun mai zanen hanya: a matse bakin shiga, a tsaya a layi ɗaya in zai yiwu, a ja wurin tsallakawa baya da tsawon mota guda, a ɗaga shi kamar tudu, a kuma bar ɗan tsibiri a tsakiya inda tsohuwa da ɗan makaranta za su tsaya su dubi hannu ɗaya kafin su ƙarasa.