Gidan Tsofaffinmu: Abin da Doka Take Nema da Haƙƙin Waɗanda Za Su Zauna Ciki

Jawabin sakataren al'umma a taron wata-wata na Hausawa mazauna Agege, Legas



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata da matasa, ina yi muku barka da zuwa.

An umarce ni in yi bayani a kan gidan nan da wani bawan Allah ya bayar wakafi domin a tsugunar da tsofaffinmu da ba su da kowa a nan Ikko. Kowa ya san su. Wani fataucin goro ya kawo shi, wani shanu, wani gadi, wani ga-ruwa. Sun shekara 40 ko fiye a Kurmi, ƙarfi ya ƙare, can gida kuma waɗanda suka san su sun riga mu gidan gaskiya. Yau wasunsu a barandar masallaci suke kwana, kuma idan jami'an gwamnati suka fito kamen mabarata, sai dai mu ji labarin an kai mutum Majidun ta wajen Ikorodu.

To, niyya ta yi kyau. Amma jama'a, daga ranar da muka tara tsofaffi a gida ɗaya muna ciyar da su, muna ba su magani, gwamnati ba za ta dube mu a matsayin masu sadaka kawai ba. Za ta ɗauke mu masu gudanar da gidan kula da jama'a, kuma akwai sharuɗɗa.

Na farko rajista. Sai mun fitar da amintattu an yi musu rajista a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, domin gidan da asusun banki su kasance da sunan al'umma. Idan muka bar shi da sunan mutum ɗaya, ran da ya faɗi ya mutu magada za su shigo da shi cikin rabon gado. Bayan haka sai Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma ta Jihar Legas, wadda ita ke sa ido a kan irin waɗannan gidaje. Idan kuma za mu ajiye nas tana yin allura da ƙarin ruwa da wankin gyambo, to mun shiga hurumin hukumar HEFAMAA, wadda aka kafa a 2006 don tantance asibitoci da wuraren jinya a jihar nan. Nas ɗin ma sai mai lasisin majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Yaron kemis, komai iya allurarsa, ba zai tsaya mana a gaban hukuma ba.

Ginin kansa yana buƙatar gyara. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su yi hanyar keken guragu, wa'adin kuma ya cika tun 2024. Mu ko babu doka muna buƙatar wannan. A yi gangare a bakin ƙofa, a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, a canza tayil mai santsi, a sayi tukunyar kashe gobara, a rubuta lambar gaggawa 112 da 767 a bango. Tsoho idan ya zame ya karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ya tashi.

Yanzu ga inda nake so mu buɗe kunne sosai. A zaman kwamiti an kawo shawarar a riƙa kulle ƙofa da kwaɗo dare da rana, don kada tsofaffin su koma bara su ba mu kunya. Na fahimci masu wannan magana, amma ba na goyon bayanta, doka ma ba ta goyon baya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tsare mutum sai bisa hanyar da doka ta tanada, sashe na 34 ya kare mutuncinsa, na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga. Babu inda aka ce wannan haƙƙi yana ƙarewa idan mutum ya kai shekara 70, ko idan wani ne yake ciyar da shi. Tsohon da hankalinsa yake daidai, idan ya ce zai je kasuwa ko zai bar gidan gaba ɗaya, namu rarrashi ne da nasiha. Kulle ƙofa da dare saboda ɓarayi daban, kowane gida yana yi, muddin akwai mai gadi da makulli a hannu.

Ku tuna abin da ya faru a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. A watan Nuwamba aka yi irin haka a Ojoo ta Ibadan, aka fito da mutum 259. Masu waɗannan wurare su ma cewa suka yi taimako suke yi, kuma iyalai ne da kansu suka riƙa kai musu mutane. Mu da muke zaune a garin wasu, idan aka sami tsoho ɗaya ɗaure a gidanmu, ba sunan mai kula da gidan jarida za ta buga ba, cewa za a yi Hausawan Agege.

Na san za a tambaye ni, to mai gigin tsufa fa, wanda zai fita ya ɓace? Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita ya kamata ya gani, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba bai yi mana nisa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin wannan mara lafiya haƙƙin a mutunta shi. Abin da za mu yi shi ne a ware mai raka shi, a ɗinka masa suna da lambar wayar gidan a jikin riga, a sanar da maƙwabta da masu shago. Sarƙa da igiya da bulala kada su shiga gidan nan, haka maganin barci ba tare da takardar likita ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi raba zumunci. Cikin tsofaffin akwai mai ɗan fansho, akwai wanda ɗan'uwa yake turo wa wani abu, akwai mai ajiya a wurin ɗan kasuwa. Kuɗinsa nasa ne. Kada mai kula da gida ya riƙe katin bankin kowa da lambar sirrinsa. Wanda ya ba da ajiya da son ransa, a rubuta a littafi gaban shaidu 2, ya dangwala, duk wata a karanta masa abin da ya shiga da abin da ya fita. Ni da na koyi boko da girmana a ajin yaƙi da jahilci, na san yadda mutum yake ji idan aka miƙo masa takardar da bai san abin da ke ciki ba aka ce ya sa hannu. Saboda haka yarjejeniyar shiga gidan a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, a karanta wa tsoho da babbar murya kafin ya yarda.

Haka batun lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da maganin da za a ba shi, yana da damar ƙi, kuma a rufa masa asiri. Ciwon Baba wane kada ya zama hirar teburin mai shayi. Masu kawo shinkafa lokacin azumi ko kakar zaɓe kuma, muna godiya, amma ba za a jera mana iyaye a tsakar rana ana ɗaukarsu hoto ana watsawa a Facebook ba sai wanda ya amince. Ɓangaren mata a ware shi, mace ce za ta yi wa mace wanka.

Akwai wata magana da wataƙila ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Gidan nan zai haɗa ɗan Tijjaniyya da ɗan Kadiriyya da ɗan Izala. Wata rana za a kawo mana Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya tsufa cikinmu, ko tsohuwa Bayarabiya da Bahaushe ya mutu ya bari. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, na 42 ya hana bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali. Wannan sashe na 42 shi muke ɗagawa kullum idan aka ce mana mu baƙi ne a wajen neman makaranta ko rumfar kasuwa. Ba zai yiwu mu riƙe shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, mu ajiye shi a ƙofar gidanmu ba.

Dole kuma tsoho ya sami inda zai kai kuka ba tare da tsoron za a rage masa tuwo ba. Ina ba da shawarar a naɗa mutum 3 da ba sa aiki a gidan, cikinsu har da mace, su riƙa shiga ba sanarwa suna ganawa da kowa shi kaɗai. Wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ofishin lauyoyin talakawa na Jihar Legas da ake kira OPD, inda ba a biyan ko kwabo. A tarayya kuma akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, za mu rubuta mata mu sanar da ita abin da muke shiryawa.

Abin da nake roƙo a yau, ranka ya daɗe, kowace unguwa ta kawo sunan mutum ɗaya da za a tantance cikin amintattu kafin taro mai zuwa. Matasa su zagaya masallatai su rubuto sunayen tsofaffin, da garuruwansu na asali, da duk wani ɗan'uwa da suka iya tunawa, domin ko ta Allah ta kasance mu san wanda za mu sanar da wanda zai karɓi abin da aka bari. A tambayi kowannensu ko yana son shiga gidan, wanda ya ce a'a a rubuta a'a. Ma'aji kuma ya kawo mana lissafin abinci da albashin ma'aikata na shekara guda, don kada mu ɗebo mutane kuɗi ya yanke a wata na huɗu.

Allah ya saka wa mai wakafi da alheri.