Jawabin Matan Gidan Masaƙa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Shugabanni sun ce bana mu matan gidan masaƙa mu yi magana kan dardumar ƙyalle. To, ga mu.

Kakarmu gwado take saƙawa a masaƙar tsaye, irin ta mata, wadda ake jinginawa a bangon ɗaki. Da yadin kamfani ya cika kasuwa, musamman bayan buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, masu sayen gwado suka yi ta raguwa. Ba ta naɗe kayanta ba. Sai ta koma bin teloli tana karɓar ragowar ƙyallaye, ta bar zare a tsaye, ƙyalle ya zama na ratsawa. Da wannan darduma aka yi wa iyayenmu kayan ɗaki.

Ga yadda aikin yake. Da farko a ware: auduga gefe guda, mai roba gefe guda, domin mai roba santsi gare shi, ba ya zama a saƙa. A wanke, saboda atamfar da za ta zuba ta zuba tun yanzu, ba a ɗakin amarya ba. A yanka tsiri-tsiri, faɗin yatsa biyu, a haɗa bakinsu da allura. Sannan a yi wadari da zare mai ƙwari. Kowane layi aka ratsa, a buga shi sosai da akwasha. In kika ja ƙyallen da ƙarfi a gefe, dardumar za ta tsuke a tsakiya, mai saye kuwa nan yake fara dubawa.

Kada wata ta ɗauka aikin talauci ne. A ƙasar Maroko, matan karkara sun koma saƙa da tsummoki tun wajen tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ulu ya yi musu wuya. Suna kiran dardumar busharwit, yau kuma a shagunan Turai ake sayar da ita. Abin da ya fito da su daga cikin gida shi ne an san darajar aikin.

Yanzu bari mu faɗi abin da ya kawo mu. A gidanmu mu uku kaɗai muka rage da muka iya wadari, ƙaramarmu ma ta aurar da ’ya. Laifin har da namu. An hore mu cewa sana’ar gida ba ta fita waje, muka riƙe hakan, ’ya’yanmu kuma suka ga wahalar ta fi kuɗin. Gaskiya suka gani. Mukan lissafa zare da sabulu, mu manta da kwanakin da muka yi a zaune. Ga tabarmar roba da arha, ga teloli sun waye, ƙyallen da ake ba mu kyauta yanzu a buhu ake sayar mana.

Saboda haka mun yi shawara a gida, dattawanmu sun amince. Daga bayan sallah, duk Asabar da hantsi, ƙofarmu a buɗe take ga duk ’yar ƙungiya ko ’yarta mai son koyo. Ba ma karɓar ko sisi.

Roƙonmu uku ne. Ƙungiya ta riƙa sayen zare da ƙyalle a dunƙule daga Kantin Kwari, maimakon kowa ta sayi nata ɗai-ɗai. Mu tsayar da farashi ɗaya wanda ya ƙunshi ladan hannu, kada wata ta karya a bayan ’yar’uwarta. Ku kuma iyaye maza, ku bar yaran su zo, za mu sallame su kafin azahar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannuwanmu, ya maimaita mana.