Ruwan Teku Ba Ya Kare Mutum Daga Dutse Mai Aman Wuta

Shirin lafiya da faɗakarwa na wannan mako zai tsaya ne a kan wata magana da ta yi ta maimaituwa a kiraye-kirayen waya da saƙonnin da ke shigowa, musamman daga 'yan'uwa mazauna Italiya da ɗaliban da ke karatu a Turai, waɗanda idan hutun bazara ya zo sukan haɗa kuɗi su ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa domin su zagaya tsibirin Sitiromboli, su kalli wutar da dutsensa ke fesowa da dare. Abin da ake ta faɗa shi ne wai haɗarin na masu hawa dutsen da ƙafa ne kawai, wanda ke zaune cikin jirgi a kan teku kuwa ba abin da zai same shi, tunda ai ruwa ne maganin wuta. Wannan magana kuskure ce, kuma irin kuskuren nan ne da kan sa mutum ya kai kansa da iyalinsa daidai inda bai kamata ba, hankalinsa kwance.

Sitiromboli ƙaramin tsibiri ne a Bahar Rum, arewa da Sisili, kuma tsibirin gaba ɗayansa dutse ne mai aman wuta wanda tsayinsa ya haura mita 900 a kan ruwa, yayin da mafi girman jikinsa ke nitse a ƙarƙashin teku. Mutane ɗaruruwa ne ke zaune a kansa, a garin Sitiromboli da ke arewa maso gabas da kuma ƙauyen Ginostra da ke kudu maso yamma, kuma sun saba da halinsa, domin fiye da shekara dubu ke nan yana yin 'yan ƙananan fashe-fashe, sau da yawa duk bayan minti 10 zuwa 20. A gefensa na arewa maso yamma akwai wani faffaɗan gangare na baƙar toka da duwatsu, wanda ake kira Sciara del Fuoco, ya miƙe tun daga bakunan ramukan wutar har cikin teku. A gaban wannan gangaren ne jirage ke taruwa bayan faɗuwar rana, matuƙa su rage ƙarar inji, fasinjoji su ɗaga wayoyi, sai a ga jan tartsatsi ya tashi sama, a ji rugugi, can kuma duwatsu masu ja kamar garwashi su gangaro suna tsalle har su faɗa ruwa. Kallo ne mai ban mamaki da ke nuna ikon Allah, kuma shirin nan bai zo don ya hana kowa zuwa ba. Sai dai wurin da ya fi daɗin kallo shi ne kuma hanyar da duk abin da dutsen ya zubar ke bi.

Ƙananan fashe-fashen da aka saba gani ba su ne iyakar abin da dutsen ke yi ba. Wani lokaci, ba tare da alamar da idon mai kallo zai gane ba, yakan yi gagarumar fashewa da ta ninka na kullum sau da yawa. Haka ta faru da yammacin ranar 3 ga Yuli, 2019, inda wani mai tafiya a ƙafa ya rasa ransa a kusa da Ginostra, sannan ta sake faruwa ranar 28 ga Agusta na wannan shekarar, jim kaɗan bayan sha biyun rana. A irin wannan fashewa akan samu abin da masana ke kira kwararar toka mai zafi, wato cakuɗen iska mai ƙuna da toka da tsakuwa da ke gangarowa a dunƙule kamar baƙin hadari, zafinsa ɗaruruwan digiri a ma'aunin Salshiyos, gudunsa kuma yakan wuce kilomita 100 a awa guda. A nan ne ya kamata mai sauraro, ko da hankalinsa na kan tuƙi ko girki, ya ɗan saurara: wannan kwarara ba ta tsayawa a bakin ruwa. Ɓangarenta mai nauyi yakan nitse, amma ɓangaren sama, na toka da iska mai zafi, yakan ci gaba da gudu a kan fuskar teku, tururin da zafinta ke tayarwa yana ƙara tallafa mata. A ranar 28 ga Agustan nan ta yi tafiyar ɗaruruwan mitoci a kan ruwa, kuma hoton bidiyon da wasu masu yawon buɗe ido suka ɗauka daga jirginsu, suna gudu baƙin hayaƙin na biye da su, ya zagaya duniya. Abin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye kilomita ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa 40, ƙaramin kwalekwalen roba cike da mutane kuwa da wuya ya yi rabin wannan gudun, balle a ce an kashe inji ana ɗaukar hoto. Wanda ta rutsa da shi fatarsa kan ƙone, idan kuma ya shaƙe ta maƙogwaro da huhu kan ƙone daga ciki su kumbura har numfashi ya gagara.

Masu cewa ruwa maganin wuta ne sun manta cewa narkakken dutse, wanda zafinsa ya kai digiri 1,000 ko fiye, ba itacen girki ba ne. Duk macen da ta taɓa ganin ɗigon ruwa ya faɗa cikin tafasasshen mai a kaskon suya ta san cewa tartsatsi yake haifarwa, to haka narkakken dutse ke yi idan ya haɗu da ruwan teku, sai dai nasa tartsatsin manyan duwatsu ne. A ranar 16 ga Yuli, 2018, a tsibirin Hawayi na ƙasar Amurka, lokacin da dutsen Kilawiya ke kwararar da narkakken dutse cikin teku, irin wannan fashewa ta jefo wani curi mai zafi da ya fasa rufin jirgin masu kallo, mutum 23 suka ji rauni, wata mata ta karye a cinya. Dokar wurin ta hana jirage matsawa ƙasa da mita 300, amma an ba wasu ƙwararrun matuƙa izinin kaiwa mita 50, kuma jirgin da abin ya shafa yana da izininsa, matuƙinsa ya san ruwan. Idan haka ta faru da mai izini, ina ga wanda ya karɓi makullin kwalekwale da safiyar ranar? Ban da duwatsun, farin hayaƙin da ke tashi daga inda narkakken dutse ke shiga teku yana ɗauke da asid da ƙananan ɓarɓashi masu kaifi irin na gilashi, yana sa raɗaɗi a ido da fata da ƙirji, ko da yake mai kallo daga nesa zai ɗauka tururin ruwa ne kawai.

Shi kansa ruwan da ake dogaro da shi yana iya zama abin gudu. A ranar 30 ga Disamba, 2002, wani ɓangare na gangaren Sciara del Fuoco ya zaftare cikin teku, ya tayar da igiyar ruwa irin wadda ake kira sunami, wato ruwan da ke tasowa gaba ɗaya saboda wani babban abu ya ture shi, kuma ta hau gaɓar tsibirin har kusan mita 10 a wasu wurare, ta lalata gidaje da jiragen da ke bakin ruwa. Da yake lokacin sanyi ne babu baƙi da yawa, ba a yi asarar rai ba. A Indunusiya kuwa, lokacin da gefen dutsen Anak Krakatau ya rufta cikin teku ranar 22 ga Disamba, 2018, mutane fiye da 400 ne suka mutu a gaɓar Jaba da Sumatira. A Sitiromboli an kafa jiniyoyin gargaɗi, amma tazarar da suke bayarwa ta 'yan mintoci ce. Wanda ke kan tudu ya haura sama nan take, wanda ke cikin jirgi kuma ya nufi tsakiyar teku inda ruwa ke da zurfi, kada ya juya zuwa tashar jirage, domin a kusa da gaɓa ne igiyar ke tashi ta yi ɓarna.

Dalilin da ya sa shirin ya fi damuwa da jirgin haya na ƙashin kai shi ne yadda iko ke komawa hannun mai biyan kuɗi. Manyan jiragen da ke tasowa daga Milazzo ko Lipari suna da hanyar da suke bi da wurin da suke tsayawa, fasinja ba ya da ta cewa. A ƙaramin jirgi kuwa, abokai shida ne suka biya, kuma idan wutar ta yi ƙanƙanta a fuskar waya sai a fara roƙon matuƙi ya ɗan matsa, ana yi masa alkawarin ƙari. Wasu ma ba su ɗaukar matuƙi, domin dokar Italiya ta yarda a tuƙa jirgi mai injin da bai wuce ƙarfin doki 40 da 'yan kai ba ba tare da lasisi ba, muddin ba a yi nisan da ya wuce mil 6 daga gaɓa ba. Wannan sassauci ba shaida ba ne cewa mutum ya iya ruwa. Abin takaici ne magidanci ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya ƙetare iyakar da hukuma ta shata don hoton da za a gani a Facebook a manta da shi washegari, kuma cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba hujja ba ce ga wanda aka gargaɗa ya ƙi ji. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kan teku cikin dare ido ba ya iya ƙiyasta nisa, shi ya sa ake dogara da na'urar da ke nuna wurin da jirgi yake.

Ga wanda ya kama shirin a tsakiya, maganar ita ce zama a kan ruwa ba ya kare mutum daga dutse mai aman wuta, nisa ne kaɗai ke karewa. Cibiyar binciken ƙasa da duwatsu masu aman wuta ta Italiya, wadda ake taƙaita sunanta da INGV, tana sa ido a kan Sitiromboli dare da rana, hukumar kare fararen hula kuma tana bayyana matakin haɗari da launuka huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kuma a watan Yuli na 2024 an kai matakin ja. Jami'an tsaron gaɓar teku su ke shata nisan da aka haramta wa jirage shiga a gaban gangaren, ana lissafa shi da mil na teku, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, kuma ana faɗaɗa shi ko a rage gwargwadon halin da dutsen ke ciki, saboda haka abin da aboki ya gani bara ba shi ne dokar bana ba. Kuma shirun dutse ba lafiya ba ne. A tsibirin Whakaari na ƙasar Niyu Zilan, ranar 9 ga Disamba, 2019, mutum 47 na kan tsibirin lokacin da tururin da ya taru a ƙarƙashin ƙasa ya fashe babu zato, 22 suka rasu, yawancin waɗanda suka tsira kuma suka yi fama da mummunar ƙuna.

Sauran abubuwan kiyayewa za a ambace su a taƙaice saboda lokaci. Hayaƙin dutsen na ɗauke da iskar farar wuta, wadda ke tayar da ciwon asma cikin mintoci, don haka mai asma ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tun kafin tafiya, ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu, matuƙi kuma ya tsaya ta ɓangaren da iska ke fitowa. Masu sauraro na Kamaru ba sa bukatar a gaya musu cewa iskar da ke fitowa daga ƙasa tana kisa, tun da iskar da ta taso daga tafkin Nyos ta hallaka mutane a 1986. Idan toka ta zubo a rufe hanci da baki da takunkumi ko jiƙaƙƙen ƙyalle, a wanke ido da ruwa mai tsabta ba tare da murzawa ba. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko manja ko ƙwai. Mai jiri da tashin zuciya ya sha maganinsa kafin ya shiga jirgi, ya riƙa kallon nesa. A ɗauki isasshen ruwan sha. Rigar ceto kuwa a jiki ake sa ta, yaro da babba, kamar yadda haɗurran kwalekwale a Kogin Neja suka isa su koya wa kowa.

Roƙon shirin ga duk mai niyyar wannan tafiya shi ne ya ɗauki matuƙi ɗan wurin mai lasisi, ya tambaye shi matakin haɗari na ranar da nisan da aka haramta kafin ya biya ko sisi, ya tabbatar akwai rediyon jirgi a tasha ta 16, ya ajiye lambar 112 da ta jami'an tsaron gaɓar teku, 1530, a wayarsa, kuma idan matuƙi ya ce nan ne iyaka, a bar shi a nan. Wanda ke da ɗan'uwa a Italiya da bai ji shirin ba ya isar masa da saƙon. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.