Ido a Kan Maras Lafiya

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

 

Maganar da na zo da ita yau ta shafi waɗansu sa'o'i ne waɗanda ba a cika tunawa da su ba, watau tun daga bayan lisha har zuwa assalatu, a cikin ɗakin da aka kwantar da marasa lafiya. Mutum ya kan kai ɗansa asibiti, ya ga an ba shi gado an sa masa ƙarin ruwa, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce an gama. To, ba a gama ba. Da rana akwai likita, akwai haske, akwai masu kai da kawowa. Da dare kuwa sau da yawa malamin asibiti ɗaya ne ko biyu a kan gadaje masu yawa. In ciwo ya juya a wannan lokaci ba a lura ba, sai a wayi gari da makoki.

Dalilin da Maganar ta Shafe Mu

A zamanin da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, cikin 1929, wahalar mai ciwo ita ce nisa. Yau ga mota ga kwalta, amma rashin tsaro ya mai da dare katanga. Yaron da numfashinsa ya sarƙe a Zurmi ko a Shinkafi da ƙarfe biyun dare, da wuya a sami direban da zai ɗauke shi zuwa babban asibiti a Gusau kafin gari ya waye. Saboda haka duk abin da za a yi masa, a ɗakin da ya ke kwance za a yi shi.

Ɗakunan nan kuwa cike su ke. A watan Yuni na 2024, Ƙungiyar Likitocin Sa-kai ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a ƙasashen Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari suna da tamowa. Yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin da zai yi kuka ya ta da uwarsa. Jikinsa ya kan yi sanyi shiru, numfashinsa ya raunana shiru. Irin wannan yaro ba abin da zai tsirar da shi, bayan ikon Allah, sai idon da ba ya barci.

Abin da A ke Dubawa

Masana sun lura cewa ciwo ba ya cika kayar da mutum farat ɗaya. Ya kan aiko da manzanni tun da sauran sa'o'i: numfashi ya ƙara sauri, bugun zuciya ya sauya, zafin jiki ya hau ko ya faɗi, mai magana ya koma sambatu. A 2012 majalisar manyan likitocin Ingila ta tsara wata takarda wadda a ke rubuta abubuwa shida a kai game da babban mutum: yawan numfashi, da yawan iskar oksijin a cikin jini, da zafin jiki, da ƙarfin jini, da bugun zuciya, da kuma ko yana cikin hayyacinsa. Kowane ɗaya akwai makinsa. In jimla ta kai 5 sai a kira likita da gaggawa, in ta kai 7 kuwa an shiga hatsari. Amfanin wannan shi ne ƙaramin ma'aikaci ba zai tsaya yana jin nauyin ta da babba daga barci ba, domin lissafi ne ya yi kiran.

Ga yara ma akwai ƙa'ida mai sauƙi. A ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke. Jariri wanda bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Wannan ba ya bukatar kome sai agogo da haƙuri.

Na'urar Yatsa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwa, amma akwai abu ɗaya wanda ido ba ya iya kimantawa, watau ƙarancin iska a cikin jini. Bature in iska ta yi masa ƙaranci leɓɓansa su kan yi shuɗi a gani. Mu kuwa baƙar fata, balle a ɗaki mai duhu, kafin a gane lokaci ya ƙure.

Saboda haka aka ƙago wata 'yar na'ura wadda ba ta kai akwatin ashana biyu ba, a kan maƙala ta a yatsa. Wani injiniya mutumin Japan, mai suna Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta cikin 1972. Tana haska jan haske ya ratsa yatsa, ta auna yadda jini ya sha hasken, sa'an nan ta nuna lamba. Mai lafiya lambarsa daga 95 ne zuwa 100. In ta sauka ƙasa da 90 sai a sa masa iskar oksijin. Waɗansu irinta su kan yi ƙara da kansu in lambar ta faɗi.

An jarraba ta a ƙasarmu. Tsakanin 2015 da 2017 aka koya wa ma'aikatan asibitoci 12 na kudu maso yammacin Nijeriya su riƙa auna kowane yaro da ita, aka kuma gyara musu hanyar samun iska. Da aka bayyana sakamakon a 2019, an ga mutuwar yara masu ciwon nimoniya ta ragu. Abin lura a nan shi ne, koyarwa da nacewa a kan awo su suka kawo amfanin, domin na'urar da ke kulle a aljihun tebur ba ta ceci kowa ba.

Amma fa tana da aibinta, kuma wajibi ne ku sani. Yatsa mai sanyi, ko yaro mai motsi, ko baƙin lalle da jan farce, duk suna iya ruɗa ta. Har wa yau a 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa ta kan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan sau uku fiye da yadda ta ke yi ga farar fata. Don haka in lamba ta ce lafiya, amma yaro yana jan ƙirji yana kasa shan nono, yaron za a gaskata.

Haske Kafin Kome

Ba a duban maras lafiya a cikin duhu. A 2008 wata likita 'yar Amurka, Dakta Laura Stachel, ta zauna a asibitin gwamnati na Ƙofar Gayan a Zariya tana binciken abin da ke kashe mata wajen haihuwa. Ta tarar akwai ma'aikata masu sanin aiki, sai dai in wuta ta ɗauke da fitilar kananzir a ke karɓar haihuwa. Mijinta, Hal Aronson, ya shirya wa asibitin wutar hasken rana, wadda ta ba da fitilu, da firjin ajiye jini, da 'yan rediyon hannu na kiran likita. Daga nan ne aka sami akwatin wutar rana wanda daga baya aka kai shi ɗakunan haihuwa na ƙasashe da yawa. Ku duba, ranku ya daɗe, abin da ya fara a Zazzau ne, kuma tushensa abu biyu ne kawai: a ga maras lafiya, a kuma iya kiran mai taimako.

A kan kira kuwa muna da darasi na kanmu. A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, kowa ya ga cewa abin da ya dogara ga waya kaɗai rana ɗaya zai iya tsayawa. Ya kamata kowane asibiti ya kasance da hanyar kira ta biyu, ko ƙararrawa, ko rediyon hannu, ko masinja mai kwana a bakin ɗaki.

Kamara da Mutuncin Mai Ciwo

Za ku ji labarin wata na'ura wadda ta wuce waɗannan. A waɗansu asibitocin masu taɓin hankali a Ingila an kafa wani akwati a bangon ɗakin kwana, mai suna Oxevision. Yana da kamara mai gani ko a cikin duhu, yana auna numfashi da bugun zuciya ba tare da an taɓa mutum ba, yana kuma faɗakar da nas in maras lafiya ya sauka daga gado ko ya daɗe a makewayi. An ce amfaninsa shi ne ba sai an riƙa haska wa mai barci tocila a fuska ba. Duk da haka a 2023 waɗansu da aka taɓa kwantarwa suka ta da ƙara, suka ce an kalle su a makwancinsu ba da saninsu ba. A 2025 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da ƙa'idodi a kan yin amfani da irin waɗannan kayayyaki, ta ƙarfafa neman yardar maras lafiya da kiyaye haƙƙinsa.

In haka ta faru a can, ina ga mu da addini da al'ada su ka ɗaukaka sutura? In wata rana aka zo da shawarar sa kamara a asibitin garinku, ku yi tambaya huɗu. A ina za a kafa ta? Wa zai riƙa kallo? Kwana nawa za a ajiye hoton? An shaida wa masu kwanciya sun yarda? Kamara a bakin ƙofa ko a ɗakin ajiyar magani abu ne mai kyau. Amma a kan gadon mace, ko a ɗakin haihuwa, wannan sai an yi dogon shawara da malamai da matan gari. In mata suka ji ana kallonsu, za su daina zuwa, su koma haihuwa a gida, kun ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kada kuma a yarda a ce tun da an sa kamara sai a rage ma'aikatan dare. Kamara tana gani, amma ba ta da hannun da za ta ɗaga kan yaro.

Abin da A ke Roƙon Hakimai

Na fari, ku riƙa ziyarar asibiti, kuma wani lokaci ku je bayan magariba, ba da sanarwa ba, ba kuwa don neman laifi ba. Ku ga ko akwai haske, ku ga ma'aikata nawa ke bakin aiki. Zuwan Hakimi ya kan ƙarfafa zuciyar mai aikin dare.

Na biyu, ku ɗauki kayan wutar rana da na'urori a kan amanar gari. A sa mai tsaro, a riƙa share ƙurar hunturu daga faifan, a hana masu jinya cika wayoyinsu da batirin da aka ajiye don injin iska.

Na uku, ku sa dagatai da masu unguwa da limamai su faɗakar da masu jinya. A asibitocinmu uwa ko kaka ita ce ke kwana a gefen gado, ita ce ido na farko. A gaya mata ta kira nas nan da nan in ta ga numfashi ya yi sauri, ko jiki ya yi sanyi, ko jijjiga, ko yaro ya ƙi farkawa, ko mai jego tana zubar da jini. Kada ta kashe ƙarar na'ura don ta hana ta barci. Kada ta ɗura wa yaro jiƙo a ɓoye. Kada kuma ta cire robar hanci. Akwai masu zaton cewa wanda aka sa wa iska ya gama yawo, har su sace shi su tafi gida. Wannan kuskure ne mai kisa. Iska magani ce kamar ƙarin ruwa, kuma yara da yawa sun tashi ta dalilinta.

Na huɗu, ku malamai, aikinku rubutu ne. Ku buɗe littafi a ofishin gunduma, duk wanda ya kawo kuka game da asibiti a rubuta rana, da sa'a, da abin da ya faru, ba da ƙari ko ragi ba. A kai wa babban likitan asibitin tukuna. In abin ya fi ƙarfinsa, kamar ƙarancin ma'aikata ko lalacewar inji, Hakimi ya rubuta wa Mai Martaba Sarki, a isar da shi ga hukumar asibitoci a Gusau. Takarda mai kwanan wata ta fi ƙorafin bakin kasuwa saurin kawo gyara. Kada kuwa littafin ya zama bulalar dukan ma'aikata, domin nas ɗin da ta san za a wulaƙanta ta in ta faɗi kuskurenta, ɓoyewa za ta yi, gobe kuma a sake shi a kan ɗan wani.

Ranku ya daɗe, ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma Wanda ya saukar da cuta shi ya umurce mu da neman magani, kuma kulawa da mai ciwo tana cikin maganin. Ina roƙonku kafin wata ya ƙare kowane Hakimi ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin yara na asibitin da ya fi kusa da shi, ya tambayi nas mai aikin dare abin da ta rasa, ya sa malaminsa ya rubuta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya ja zamanin Sarakunanmu. Haza wassalam.