Saƙon Waya Ba Ma'aunin Karatu Ba Ne



Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, Jihar Kano ta koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Akan auna irin waɗannan shirye-shirye da yawan saƙonnin waya daga masu sauraro. Mu da ke koyarwa a Rano da Kibiya mun san masu aikowa: galibi iyaye ne masu waya da kati. Yaron da babu waya a gidansu ba a ƙidaya shi. Mai cewa ya ji daɗi kuma, ba lallai ne ya fahimta ba. Muna roƙon hukuma, kafin a yanke wa shiri hukunci, a bar mu mu gwada yaran a aji.