Dutse, Ciyawa da Mutanen Gundumar Chase a Jihar Kansas

Gundumar Chase tana gabashin tsakiyar jihar Kansas ta ƙasar Amurka, a cikin jerin tuddan da ake kira Flint Hills, wato tuddan ƙanƙarar dutse irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, kuma a tsarin mulkin ƙasar gunduma yanki ce da ke ƙarƙashin jiha, mai kotunta da baitulmalinta da jami'in tsaronta, kusan kamar ƙaramar hukuma. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,000, amma ƙidayar 2020 ta sami mutum 2,572 kacal a cikinta, alhali a shekarar 1900 mazaunanta sun zarce 8,000. Abin da wannan rubutu zai nuna shi ne cewa yanayin ƙasar ne ya zaɓi abin da ya wanzu a gundumar da abin da ya ɓace, domin dutsen da ya hana garma shiga ƙasa shi ne ya tsare ciyawar asali, shi ne kuma masu hali suka sassaƙa suka gina abubuwan da ake kira wuraren tarihi a yau, waɗanda ba su gina da dutse ba kuwa sai da ƙyar ake ganin sawunsu.

Shekaru sama da miliyan 250 da suka wuce wani teku marar zurfi ne ya rufe wannan yanki, kuma abin da ya kwanta a ƙarƙashinsa ya daskare ya zama shimfiɗu na dutsen farar ƙasa da ƙanƙara a tsakaninsu. Ruwan sama ya cinye mai taushin ya bar mai taurin, saboda haka ƙasar noma a kan tuddan ba ta da kauri, ana tona ta kaɗan sai a tarar da tsakuwa. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba kowane magidanci eka 160 muddin ya zauna ya noma ta, filayen dogayen ciyayi na Illinois da Iowa kuma sun zama gonakin masara, amma a nan manoma suka tsaya a kwarin kogin Cottonwood da rafukansa, suka bar wa shanu tudu. Ana ƙiyasta cewa irin wannan fili na doguwar ciyawa ya taɓa mamaye eka miliyan 170 a Amurka ta Arewa, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa yana cikin waɗannan tuddai.

Kafin zuwan Turawa ƙasar tana hannun al'ummar Kaw, waɗanda ake kuma kira Kansa, daga sunansu ne jihar ta sami nata, sannan Osage suna farauta ta ɓangaren kudu. Yarjejeniyar 1846 ta tattara Kaw a wani keɓaɓɓen yanki kusa da garin Council Grove, arewa da gundumar, kuma daga can suke bin wata hanya da ta ratsa ƙasar Chase zuwa yamma don farautar ɓauna. An rage musu yankin a 1859, shekarar da aka kafa gundumar, sannan a 1873 aka kwashe su gaba ɗaya zuwa ƙasar da ta zama Oklahoma, yunwa da cututtuka sun riga sun mai da su 'yan ɗaruruwa. A wannan shekara ta 1873 ɗin ce aka kammala ginin kotun gunduma a garin Cottonwood Falls, kuma ya kamata mai nazari ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, tun da yake maziyarci yana ganin ɗaya daga nesa, ɗayan kuwa sai an faɗa masa.

Ginin kotun shi ne abin alfaharin gundumar, kuma ya cancanci hakan. Yana tsaye a ƙarshen babban titin garin, wanda aka shimfiɗa da jan bulo, ta yadda duk wanda ya shigo daga wajen kogi zai tarar da shi a gabansa, farin dutse da jan rufi mai gangare da hasumiya a tsakiya, bisa salon gine-ginen Faransa na zamanin Napoleon na Uku. John G. Haskell ne ya zana shi, mutumin da ya yi aiki a kan ginin majalisar jihar a Topeka, an kuma haƙo dutsen a nan kusa, matakalar da ke nannaɗewa daga ƙasa har hawa na uku kuma da katakon itacen walnut na bakin kogin aka yi ta. Shi ne ginin kotu mafi daɗewa da har yanzu ake aiki a cikinsa a Kansas. Abin lura shi ne mutanen da suka ɗauki nauyinsa ba su da yawa a lokacin, sun yi gini ne daidai da garin da suke fatan samu, garin kuwa bai zo ba, sai ginin ya zauna ya fi garinsa girma.

Sunan gundumar na Salmon P. Chase ne, gwamnan Ohio mai adawa da bauta wanda daga baya ya zama sakataren kuɗi a gwamnatin Abraham Lincoln, sannan babban alƙalin ƙasa. Wanda ya fi alaƙa da kafa wurin shi ne Samuel Newitt Wood, shi ma ɗan Ohio, wanda aka haifa a 1825 ya taso cikin gidan mabiya ɗarikar Quaker, ya zo Kansas a 1854 lokacin da masu son bauta da masu ƙinta suke zub da jini a kan makomar yankin. Wood ya taimaki bayi masu gudu, ya buga jarida a Cottonwood Falls, ya zauna a majalisar jiha, kuma mutum ne mai faɗa wanda bai rasa abokan gaba ba duk inda ya sauka. A 1891 aka harbe shi a garin Hugoton, can kudu maso yammacin jihar, a cikin rikicin da garuruwa biyu suka yi kan wanda zai zama hedikwatar wata gunduma, kuma ba a taɓa hukunta wanda ya kashe shi ba.

Layin dogo na kamfanin Santa Fe ya iso a 1871, amma ya bi arewacin kogi ya bar Cottonwood Falls a gefe, sai wani gari ya tsiro a tashar, wanda daga baya aka sa wa suna Strong City don girmama William Barstow Strong, shugaban kamfanin. Jirgin ƙasa ne ya ba tuddan sana'arsu ta dindindin: ana ɗauko shanu daga Texas da bazara ramammu, a sake su cikin sabuwar ciyawa, su yi ƙiba cikin 'yan watanni, a sake loda su zuwa mahautan Kansas City. Shi ne kuma ya buɗe wa dutsen kasuwa, har Barney Lantry, ɗan kwangilar da ke gina wa kamfanin gadoji, ya zama ɗaya daga cikin attajiran yankin. Gadar dutse mai baka biyu da ke Clements, wadda aka gina a shekarun 1880, aikin magina na wannan zamani ce.

Arewa da Strong City kaɗan akwai gandun kiwo na Spring Hill, wanda Stephen F. Jones ya kafa bayan ya zo daga Colorado a 1878 da dukiyar shanu. A 1881 ya gina gida mai ɗaki goma sha ɗaya a gefen tudu, sannan ya gina wani makeken rumbu mai hawa uku, wanda aka jingina da gangare ta yadda keken doki zai iya shiga hawan sama kai tsaye, ya kuma kewaye kimanin eka 7,000 da katangar dutse ta kusan mil 30, wadda aka jera ba tare da siminti ba. Ya ba da filin da aka gina makarantar Lower Fox Creek, aji ɗaya tal a kan tudu, inda aka yi karatu daga 1884 zuwa 1930. Duk da wannan ɗawainiya bai cika shekara goma a gidan ba, domin a 1888 ya sayar wa Lantry ya tashi, kuma wannan shi ne halin da yawa daga cikin waɗanda gine-ginensu suka fi jan ido, sun zo da kuɗi sun kafa dutse sun wuce, makiyayan da suka zauna tsara bayan tsara kuwa ba a cika rubuta sunayensu a allo ba.

Wannan gandu ne ya zama wurin adana doguwar ciyawa na ƙasa a 1996, bayan doguwar jayayya, domin masu kiwo sun daɗe suna ƙin duk wani shiri da zai sa gwamnatin tarayya ta mallaki makiyayarsu. Sulhun da Sanata Nancy Kassebaum ta taimaka aka cimma ya taƙaita abin da hukumar gandun daji ta ƙasa za ta iya mallaka zuwa eka 180, sauran filin mai kusan eka 11,000 ya zauna a hannun ƙungiya mai zaman kanta, wadda tun 2005 ita ce Nature Conservancy. A 2009 aka kawo ɓauna 13 daga gandun Wind Cave na Dakota ta Kudu, fiye da ƙarni guda bayan an ƙarar da su a yankin.

Mutumin da ya fi kowa suna a tarihin gundumar bai taɓa zama a cikinta ba. Knute Rockne, haifaffen Norwe, mai horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Notre Dame, yana cikin jirgin sama ƙirar Fokker da ya taso daga Kansas City ranar 31 ga Maris, 1931, sai fiffike ɗaya ya karye, jirgin ya faɗi a makiyaya kusa da ƙauyen Bazaar, mutum takwas da ke ciki duk suka rasu. Bincike ya nuna cewa danshi ya lalata gam ɗin da ya riƙe katakon fiffiken, kuma sunan Rockne ya sa ba a iya rufe maganar ba, aka dakatar da irin wannan jirgi, kamfanoni suka koma ga jirage na ƙarfe zalla. Akwai dutsen tunawa a wurin, a cikin fili mai zaman kansa. Mazauna gundumar da suka yi fice su ne iyalin Roberts na Strong City, waɗanda suka fara gasar hawan dawakai da bijimai marasa horo a 1937, gasar da ake yi har yau, ɗansu Gerald ya zama zakaran duniya na gasar baki ɗaya a 1942 da 1948. Marubuci William Least Heat-Moon kuma ya keɓe littafi guda mai kauri, PrairyErth, wanda ya fito a 1991, ga wannan gunduma kaɗai.

Ciyawar kanta, wadda ita ce mafi tsufa a cikin abubuwan tarihin, ba ta tsayuwa sai da aikin mutum. Nau'in da ya fi yawa, wanda ake kira big bluestem, yana iya wuce tsawon mutum a kwari idan damina ta yi kyau, saiwarsa kuma tana nitsewa ƙasa fiye da haka, shi ya sa wuta ba ta kashe shi. Idan aka bar tudu shekaru ba a ƙona ba, itatuwa masu yaɗuwa, musamman jan sida, suna mamaye shi, don haka makiyaya suke cinna wuta a watannin Maris da Afrilu kamar yadda Kaw da Osage suka yi kafinsu, bayan 'yan kwanaki baƙar ƙasar ta yi kore shar. Hayaƙin yana kaiwa biranen Wichita da Kansas City, abin da ya sa jihar ta fito da tsarin kula da hayaƙi a 2010, masana tsuntsaye kuma suna kukan cewa ƙona ko'ina kowace shekara yana hana kazar daji ta wannan fili wurin yin sheƙa. A gandun adanawa da wasu makiyayu an koma ƙona kashi ɗaya cikin uku a kowace shekara, shanu su bi sabon tsiro, sauran kashi biyun su huta.