AMSOSHIN WASIƘUNKU: Batirin Tarakta Da Farantin Hasken Rana

    

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a yankin Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shi da ƙannensa biyu suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar tarakta. Idan an gama kwasar amfanin gona sai su kafe ta a ƙofar gida, ba za a sake taɓa ta ba sai an ga hadari. To shekara biyu ke nan a jere, ranar da aka yi ruwan shuka, da ya murɗa makulli sai ya ji ƙyas-ƙyas, injin ya ƙi tashi. Bara kwana huɗu ya yi yana neman kuɗin sabon batir. Kafin ya dawo, mutanen da suka yi masa alkawarin huɗa sun kai aikinsu wani wuri. Ɗansa da ke birni ya ba shi shawarar ya haɗa wa batirin ɗan ƙaramin farantin sola. Shi ne yake tambaya: gaskiya ne wannan yana aiki, ko kuwa ƙone masa batir zai yi?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya mayar da alheri. Maganar ɗanka gaskiya ce, amma da sharaɗi. Bari mu soma da cutar kafin maganin.

Ka san yadda sabuwar randa take? Ka cika ta da ruwa ka rufe, ko ba wanda ya sa moɗa, bayan kwanaki za ka tarar ruwan ya ragu, domin tana tsattsafo. To haka batir yake. Ko an ajiye shi ba a haɗa da komai ba, cajinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Zafi kuma yana ƙara masa sauri: duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, wannan yoyo yakan kusan ninkawa biyu. Sai ka tuna irin zafin watan Maris da Afrilu a ƙasarmu, ga tarakta a tsaye cikin rana tun safe har magariba.

Akwai kuma ɓarawo na biyu, musamman ga masu a-kori-kura da ƙananan motoci na zamani. Agogon mota, da rediyo, da 'yar kwamfutar injin, duk suna shan wuta ko an zare makulli. Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. A ce suna shan kashi 30 cikin 1,000 na am ɗaya. A awa 24 sun sha wajen kashi uku cikin huɗu na am. A kwana 30 sun sha fiye da 21. Idan batirinka mai lamba 70 ne, ka ga wata ɗaya kacal ya cinye kusan sulusinsa, ba ka je ko'ina ba.

Abin da ya fi muni shi ne na uku. Cikin batir akwai faifan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Idan caji ya sauka, wani farin abu kamar gishiri yakan kwanta a jikin dalmar. In an yi caji da wuri sai ya narke ya koma. In kuwa aka bar shi wata da watanni, sai ya daskare ya yi tauri, ko ka kai wa mai caji ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Ka ga ke nan, Malam, ba huɗa ce ta kashe maka batir biyu ba, zama ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Turai da Amurka akwai wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, wadda iyali ke fita yawon hutu da ita. Idan hunturu ya shigo sai a ajiye ta wata huɗu ko biyar. Irin wannan mota batir biyu gare ta: ɗaya na fitilu da firji, ɗaya na tayar da inji. Masu ita sukan ɗora farantin sola a rufinta, su sa wata 'yar na'ura mai ɗiga wa batirin injin wuta kaɗan-kaɗan, don ranar tafiya ta tashi bugu ɗaya. Abin da hunturu yake yi musu, shi rani yake yi mana, sai dai mu mun fi su rana.

Dabarar ita ce a mayar wa batir abin da yake zubarwa kowace rana. Da yayyafi kogi kan cika. Ba a bukatar babban faranti. Mai wat 10 zuwa 20 ya isa tarakta ko a-kori-kura. Mai wat 10 yana ba da ɗan fiye da rabin am in rana ta take. Ko awa biyar kawai ya samu, ya tara kusan am uku, alhali ɓarayin da muka lissafa ko ɗaya ba su cika sha ba a yini da kwana.

Yanzu ga sharaɗin, kuma nan ne tsoronka yake da tushe. Farantin da aka rubuta wa bolt 12, in ka auna shi shi kaɗai cikin rana, za ka ga ya haura bolt 20. Shi kuwa batirin da ya riga ya cika, abin da yake so a riƙe shi a kai bai wuce bolt 13 da rabi ba, ko kusa da haka. In ka haɗa faranti kai tsaye ka tafi ka bar shi wata biyar, zai yi ta ɗura masa wuta har ruwansa ya ƙafe, dalmar ta lalace. Saboda haka dole a sa ɗan akwatin nan da masu sayar da sola ke kira kwantirola a tsakani. Shi ne mai gadi: batir ya cika ya rage wuta, dare ya yi ya hana ta komawa cikin faranti. Kada wani ya ce maka ai ƙaramin faranti ba ya bukata. A ranarmu da zafinmu, kuɗin kwantirola bai kai na batir ba.

To ga yadda za ka yi, a ɗauko alƙalami.

Na farko, batir ya zama mai lafiya, kuma a cike. Wannan ɗan faranti mai tsaron cikakke ne, ba ya tayar da matacce. Ka sa mai gyaran wayar mota ya auna maka da mita, bayan batirin ya huta wasu awoyi. In ya nuna 12.6 ko sama, ya cika. In 12.2 ne, saura rabi. In ya gaza 12, a kai shi caji tukuna.

Na biyu, a soma haɗa kwantirola da batir, sannan a haɗa faranti. Ranar cirewa kuma faranti ake fara cirewa. Jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. A sa fis a jar wayar, dab da kan batir, domin ɓera ko akuya na iya tauna waya, wuta ta tashi kusa da rumbu.

Na uku, faranti ya zauna a waje inda babu inuwar bishiya ko katanga, ya ɗan karkata yana kallon kudu, a ɗaure shi da kyau saboda iska da masu dogon hannu. Shi kuwa batir da kwantirola, inuwa suke so. Masu mota, kada ku dogara da ramin kunna sigari: a motoci da yawa yana mutuwa da zarar an zare makulli.

Na huɗu, ƙurar hunturu takan rufe fuskar faranti ta rage masa ƙarfi. A sa yaro ya riƙa share shi da tsumma mai laushi, ko sau biyu a mako.

Na biyar, in batirinka mai marafai ne, ka duba ruwansa kowane wata. In ya ragu, tataccen farin ruwa na kwalba za ka ƙara har ya rufe dalmar. Ban da asid, ban da ruwan rijiya. Kuma kada a kusance shi da taba ko ashana, domin batir mai caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Masu manyan motoci, ku lura: yawancinsu bolt 24 ne, wato batir biyu a jere. Ku nemi faranti da kwantirola masu dacewa da 24. In kuka ciyar da ɗaya kuka bar ɗaya da yunwa, duka biyun za ku rasa.

Sai gargaɗi ɗaya. Na san halinmu: da an ga wuta a ƙofar gida, sai wannan ya kawo waya, wancan ya kawo talabijin. Batirin tayar da inji an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, a mayar masa nan take. In ana tatsarsa kowane dare, ba zai ga damina ba.

Wanda kuma bai da halin faranti bana, kada ya zauna haka. Ya cire kan batir mai alamar ɗebewa, ko ya sauke batirin ya ajiye a ɗaki mai sanyi, ya riƙa kai shi caji wata-wata. Tayar da inji na minti biyar a kashe ba ya biyan bashin wutar da aka ci wajen tayarwar.

Malam mai tarakta, da fatan ka gamsu. Ka haɗa shi tun ranar da ka kafe ta, kada ka jira sai gabas ta yi baƙi. In ruwan shuka ya sauka ta tashi, ka rubuto mana mu taya ka murna. A gaida ƙannenka, a kuma gaida yaron nan na birni, Allah Ya yi masa albarka.